Tarihin Ƙwayar Zarra da Matsalar Koyar da Ita a Dutsen Alhaji

1.0 Gabatarwa

A makarantun sakandare na Dutsen Alhaji, cikin yankin Bwari na Abuja, da Ingilishi ake koyar da kemistiri, amma mun lura cewa ɗalibai da dama da Hausa suke fayyace wa juna darasi bayan an tashi. A nan ne kalmar "ƙwayar zarra" kan zame musu tarko. Wannan maƙala ta bi diddigin tarihin kalmar domin a gane inda gizo ke saƙar.

2.0 Asalin Tunanin

Tun ƙarni na biyar kafin Miladiyya, Dimokuradis na ƙasar Girka ya ce kowane abu ƙananan ƙwayoyi ne da ba su rabuwa. Malaman ilmin kalami na Musulunci ma sun tattauna irin wannan ƙwaya. Hausa kuwa ta aro "zarra" daga Larabci, da ma'anar matuƙar ƙanƙanta. A kan tunanin rashin rabuwa John Dalton ya gina nazariyyarsa a 1808.

3.0 Rushewar Tsohuwar Ma'ana

A 1897 J. J. Thomson ya gano elektiron, wanda ya fi zarrar kanta ƙanƙanta nesa ba kusa ba. A 1911 Ernest Rutherford ya nuna cewa kusan dukkan nauyin zarra yana tattare a 'yar cibiyarta, sauran kuwa galibi sarari ne. James Chadwick ya gano niyutiron a 1932. Ke nan zarra tana da sassa, alhali a kunnen Bahaushe babu abin da ke ƙasa da ita.

Matsala ta biyu ita ce molikul, wanda ɗalibai kan kira "ƙwaya" shi ma. Ruwan dam ɗin Usuma da ke kusa da su ya isa misali: kowane molikul nasa zarra uku ne, biyu na haidurojin, ɗaya na oksijin. Ɗalibin da ya haɗa su a suna guda ba zai iya daidaita lissafin haɗuwar sinadarai ba.

4.0 Kammalawa

Muna ba masu tsara manhaja shawarar a keɓe "zarra" ga atom kaɗai, a bar wa molikul sunansa, sannan a koyar da wannan tarihi kafin a zana hoton zarra a allo. Ɗalibin da ya san cewa sunan ya girmi binciken ba zai ruɗe ba idan malami ya tsaga masa zarra.