Gatarin Aradu: Aikin Mutanen Dā

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa ganin wani ɗan dutse mai sulɓi, mai baki kamar na gatari? A ƙasar Hausa ana ce masa gatarin aradu. Mutane da yawa sun ɗauka tsawa ce ke jefo shi daga sama. To, ba haka ba ne. Hannun ɗan Adam ne ya yi shi, tun ba a san ƙarfe ba.

Yau manomin Tibiri ko na Jiratawa, in yana son gatari, sai ya tafi wurin maƙeri. A zamanin dā babu maƙeri. Mutum ya kan ɗauki dutse mai tauri, ya buge shi da wani dutsen, har baki ya fito. Sa'an nan ya yi ta goga shi bisa fā, da ruwa da rairayi, kwana da kwanaki. In ya yi kaifi, sai ya sa masa ƙota. Da shi ake saran itace. Ɓarɓashin da ya fita ma ba a yar da shi. Da shi ake fiɗa, da shi ake yin bakin kibiya.

Ina suke kwana? Inda akwai duwatsu, wasu su kan fake cikin kogo. A Najeriya, kusa da Jos, akwai wani kogo da ake kira Rop. A 1944 wani Bature mai suna Bernard Fagg ya yi tono a wurin, ya sami ƙananan duwatsu masu kaifi masu yawa.

Amma ba duka ne mazauna kogo ba. A nan Nijar, cikin hamadar Tenere a jihar Agadas, akwai wani wuri da ake kira Gobero. Masu bincike sun gano shi a shekarar 2000. Sun sami kaburbura wajen 200. Shekara kusan 10,000 da suka wuce, tabki ne babba a wurin, da kada da dorina da giwan ruwa. Mutanen suna su da mashin ƙashi, suna farauta, suna gina tukwane. Da ruwa ya ƙafe, suka tashi. Da ya komo, wasu suka zo. A wani kabari an sami mace da yara biyu, an kwantar da su suna rungume da juna. Ka ga, su ma sun san ƙauna, sun san zafin rashi.

Saboda haka, in ka tsinci irin wannan dutse, kada ka yar, kada ka sayar wa baƙo. Rubuta sunan wurin da ka same shi, ka shaida wa mai gari. A Yamai, a gidan tarihi na Bubu Hama, ana ajiye irin waɗannan kaya don jikokinmu su gani. Mutanen dā ba su bar mana takarda ba. Dutsen nan shi ne shaidarsu.