Daga Tis Issat zuwa Rusairis: Tarihin Matsirga Biyu a Kogi Ɗaya

Ruwan da masuntan Hausawa suke jefa wa taru a tafkin Rusairis na Sudan ya sha doguwar tafiya kafin ya iso gare su. Daga tafkin Tana yake tasowa, can a kan tsaunukan Habasha, kuma bai yi nisan da ya wuce kilomita 30 daga birnin Bahir Dar ba sai ya faɗa ramin Tis Issat, tsayin kusan mita 40. A ƙarshen damina faɗin matsirgar kan kai mita 400, feshinta yana jiƙa mutum sharkaf tun bai ƙarasa kusa ba.

Hanyar ƙafa da masu yawon buɗe ido suke bi ta tsufa ƙwarai. Daga ƙauyen Tis Abay ake gangarawa zuwa wata gadar dutse da aka gina a 1626 bisa umarnin Sarki Susenyos, wadda ake ɗauka ita ce ta farko irinta a Habasha. Kogin a nan ya matse cikin tsagin baƙin dutse, har baƙo ya yi mamakin yadda wannan 'yar ƙoramar za ta zama Bahar Azrak da ake tsallakewa da kwale-kwale a garin Sinja na Sudan. Daga gadar sai hawa, ana ratsa gonaki da jakuna da yara masu tallar ƙore da gyale, kafin a ɓullo daidai gaban ruwan. James Bruce, mutumin Sikotlan, ya tsaya a wurin a 1770 ya yi ta zuzuta abin da ya gani, ko da yake limaman Jesuit sun riga shi da fiye da shekara ɗari, abin da bai so a tuna masa ba.

A da, Rusairis ma tana da nata ruwan mai hauka. Duwatsun Damazin sun tare kogin, shi ya sa jiragen ruwa masu tasowa daga arewa suke tsayawa a nan, garin ya zama ƙarshen zango. Hausawa da Fulani sun yawaita a wannan gaɓa bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'a gabas ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. Wasu maniyyata ne da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka. Suka kama sana'ar su, suka kuma rungumi noman bakin kogi a kan laka mai albarka da ambaliya take bari duk shekara, lakar da ba daga ko'ina ta fito ba sai daga gonakin Habasha.

Injiniyoyi ne suka ga bayan duka biyun, matsirgar Tis Issat da duwatsun Damazin. A 1966 aka kammala madatsar Rusairis a kan duwatsun Damazin, domin ban ruwa da lantarki. A 2013 aka ƙara mata tsayin mita 10, tafkin ya haɗiye gonaki da ƙauyuka, aka kwashe dubban iyalai zuwa sababbin matsugunai. Kifi dai ya samu fili, masunta kuma suka bi shi.

Tis Issat ba a nutsar da ita ba, ƙwace mata ruwa aka yi. Tashar lantarki ta farko ta fara aiki a 1964, ta biyu mai ƙarfin megawat 73 ta biyo a 2001, suna karkatar da kogin kafin ya kai bakin ramin. Wanda ya je da rani yakan tarar da baƙin dutse da 'yan siraran igiyoyin ruwa, ba abin da aka zana a bayan tsohuwar takardar birr ɗaya ba. Masu ja-gora sukan ba da shawarar a zo a Satumba ko Oktoba.

Yanzu kuma babbar madatsar Habasha ta Annahda, da aka fara ginawa a 2011 dab da iyakar Sudan, ta shiga tsakani. Tun da aka soma cika ta a 2020 take riƙe yawancin lakar, ta kuma daidaita ambaliyar da manoman bakin kogi daga Rusairis zuwa Mai Wurno suka saba lissafin shukarsu da ita.