Allon Zayyana: Furen da Ba Ya Bushewa

Mutanen Indiya sukan adana sarƙar furannin da aka rataya musu ranar aure. Mu a ƙasar Hausa, fure na goga haƙora ne. Abin tunawar da muke ajiyewa shi ne allon zayyana.

Tun kafin jihadin 1804, karatun allo ya kafu a ƙasar Zazzau. Allon yau da kullum wanke shi ake yi in an biya, a sake rubutu. Amma ranar sauka sai a kawo wanda aka ƙawata da ja da kore da rawaya, ɗauke da Fatiha da farkon Baƙara. Ɗalibi ya karanta gaban malamai, a yi walima. Shi wannan ba a wanke shi har abada.

Daga 1976, da gwamnati ta buɗe firamare kyauta, takardar shaida ta fara ƙwace masa bango. A gidajen Dutsen Abba na ga waɗanda gara ta cinye, ba a ma san masu su ba. A ganina, kowa ya rubuta sunan mai allo da shekarar saukarsa a baya, tun dattawan da suka sani suna raye.