Daga Kwal Zuwa Gawayi: Tarihin Wutar Murhunmu

Kakanninmu da suka fara sauka a wannan yanki sun zo ne daga ƙasar da hunturu ke sa dattawa su kewaye wuta da asuba. A nan kudu sanyin bai kai haka ba, amma wuta ba ta rabu da mu ba. Tukubar mai tsire, teburin mai shayi, murhun mai ƙosai, dukkansu da ice ko gawayi suke rayuwa.

Abin mamaki, garuruwan da muke zaune kwal ne ya raya biyu daga cikinsu. A 1909 aka gano kwal a tsaunukan Udi, daga nan Inugu ta tashi. Turawa suka kafa Fatakwal don su riƙa fitar da shi ta teku, kuma a 1916 layin dogo ya haɗa garuruwan biyu. Da aka gama gadar Makurɗi a 1932, jirgin ƙasa ya riƙa sauko da mutanenmu da shanunsu kai tsaye. Sai dai kwal ɗin na jirgi ne da injin lantarki. Talaka kam, ice ya ci gaba da hurawa.

Bayan an samu man fetur a Oloibiri a 1956, sannu a hankali risho ya shiga gidajenmu. Da muka dawo bayan yaƙin basasa a 1970, kananzir na da araha, daji ya ɗan huta. Amma tun da aka janye tallafinsa a 2016, ga gas ya yi tsada, sai kowa ya koma wa gawayi.

Wa ke biyan kuɗin? A Fatakwal ana sare itatuwan bakin ruwa, inda kifi ke hayayyafa. Kusa da Anacha, a Agulu da Nanka, zaizayar ƙasa na cinye gonaki da gidaje, kuma sare bishiya na ƙara mata ƙarfi. Buhunan gawayin da ake sauke mana kuwa, da yawansu kiriya ce da kaɗanya daga dazuzzukan da ke kan hanyarmu ta gida. Hayaƙin kuma yana ƙarewa ne a ƙirjin matanmu da yaranmu.

Ba cewa muke a kashe tukuba ba, ai da ita muke ci. Amma mu da muka ga abin da farin 1973 ya yi wa Arewa, bai kamata a koya mana darajar bishiya ba. Mu nemi murhu mai cin gawayi kaɗan, mu daina kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki, sannan sarakunan Hausawanmu su sa dashen itace cikin aikin gayyar unguwa. Allah Ya sa mu bar wa jikokinmu inuwa.