Tseren Kwale-kwale a Argungu

Tseren kwale-kwale yana daga cikin wasannin ruwa da Kabawa ke kira Kabanci, waɗanda ake gudanarwa a lokacin bikin kamun kifi na Argungu a Jihar Kebbi. Sauran wasannin sun haɗa da ninƙaya, da nutso, da kamun agwagwar ruwa, da kamun kifi da hannu. Bikin ya samo asali a shekarar 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta kawo ƙarshen tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya.

Abin da ya bambanta wannan tsere shi ne ba a sassaƙa masa jirgi na musamman. Kwale-kwalen da masunci ya fita su da shi jiya, ko ɗan fito ya haye da buhunan shinkafa, shi ne yau zai shiga layi. Matuƙan ma ba sana'arsu ba ce tsere. Masunta ne da manoman fadama. Saboda haka ba ƙarfin damtse kaɗai ke ba da nasara ba. Na gaba ya san inda ruwa ke da gudu, na baya ya riƙe jirgin kada ya karkace, kuma filafilan su riƙa shiga ruwa a tare. Mutum ɗaya ya saɓa, jirgin ya yi gefe, wani lokaci ma ya kife, 'yan kallo su yi ta shewa. Sarkin Ruwa ne ke da alhakin kula da kogin, kuma ba a shiga Matan Fada sai da izininsa.

Irin wannan tsere na masu sha'awa yana nan a ƙasashen bakin teku, har da Legas, inda aka kafa kulob ɗin masu jiragen iska tun 1932. A Turai da Amurka wasu kan yi gasar ƙarshen mako da katamaran na yawon shaƙatawa, wato jirgi mai gangar jiki biyu da aka haɗe da dakali, da ɗakunan kwana da madafa a ciki. Da yake jiragen ba girmansu ɗaya ba, akan yi wa kowanne ragi ko ƙari a lissafin lokaci, har mai nauyi ya iya doke wanda ya riga shi isa. Sunan daga harshen Tamil na kudancin Indiya yake, ma'anarsa itatuwan da aka ɗaure.

Faɗin katamaran shi ke hana shi kifewa da sauƙi, kuma nan ne raunin kwale-kwale, musamman idan an yi masa lodi fiye da kima. Mazauna Gwammaja da sauran unguwannin birnin Kano, waɗanda ba su da kogin tsere, sun san wannan ta hanya mai ɗaci: a ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya kife a madatsar ruwa ta Watari, aka rasa rayuka da dama, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. A Argungu matuƙan tsere gwanayen iyo ne, ga kuma masu ceto kusa. Fasinjan fito sau da yawa ba shi da ko rigar kariya.