2.4 Tarihin Wuƙa Mai Ninkewa da Adonta a Ƙauyukan Arewacin Kano

Wannan sashe zai yi ƙoƙarin nuna cewa wuƙa mai ninkewa baƙuwa ce a ƙasar Hausa, amma hannun maƙeri ne ya mayar da ita 'yar gida.

Sana'ar ƙira daɗaɗɗiya ce a ƙasar Kano. Tarihin baka ya nuna cewa Abagayawa maƙera ne da suka taso daga Gaya suna neman tama, har suka zauna a gindin Dala. Ƙauyukan arewacin Kano, kamar na ƙasar Dambatta da Bichi da Dawakin Tofa da Minjibir, suna da yawan jama'a, kuma gonakinsu ba sa hutawa. Saboda haka manomi ba ya rabuwa da maƙeri, domin fartanya da lauje da wuƙa. Sai dai wuƙar Bahaushe ta asali miƙaƙƙiya ce, maƙeri ya ƙera, baduku ya ɗinka mata kube.

Ta hanyar fataucin Sahara ƙarfe mai ninkewa ya shigo. A shekarar 1851 Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ziyarci Kano. Ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi kimanin 50,000 a shekara, galibi ƙirar Solingen ta ƙasar Jamus. Haka kuma ya ga asake masu baƙar ƙotar itace daga Sitiriya ta ƙasar Ostiriya. Ya bayyana cewa ba su da inganci, amma mutanen ƙasa sun iya wasa su, suna kuma ƙarfafa ƙotar da jan ƙarfe. Wannan shaida tana da muhimmanci, domin ta nuna cewa tun a lokacin, gyara da ado aikin gida ne, ko da ruwan askar na waje ne.

Zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911 ya kawo sauyi iri biyu. Na farko, ƙarfen Turawa ya yawaita, aka yi ta barin narka tama, daga baya maƙera suka koma ga sifirin mota saboda yana riƙe kaifi. Na biyu, kayan kanti sun cika kasuwa, har da wuƙaƙe masu ninkewa. Misalin irin waɗannan shi ne Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Solingen a 1902 domin kasuwannin Afirka, aka mayar da aikinta Afirka ta Kudu a 1988. Jaggar (1994) ya nuna yadda maƙeran birnin Kano suka fuskanci kayan waje ta hanyar kwaikwayo da ƙirƙira, ba ta barin sana'a ba.

Wajen aiki, maƙerin baƙi ne ke buga ruwan wuƙa a kan uwar maƙera, ya goge da magagari, ya gasa ya tsoma a ruwa don ya yi tauri. Gwaninta tana wajen ƙusar da ke haɗa ruwan da ƙota: in ta matse wuƙa ba ta buɗuwa, in ta saki tana iya rufewa a yatsa. Lulluɓe ƙota da tagulla ko jan ƙarfe, da zana mata layuka da ɗige-ɗige, ya fi kusa da aikin maƙeran fari.

Wannan ado ne ke jawo masu tara kayan tarihi, tun da ba a samun biyu masu zane ɗaya. Matsalar ita ce maƙeri ba ya buga sunansa a jikin ƙarfe kamar yadda kamfanonin Solingen suke yi. Da zarar aska ta bar zabirar wanzami ta shiga hannun dillali, sunan maƙerinta da garinsa sun ɓace. Bugu da ƙari, tun bayan ɓullar cutar ƙanjamau a Nijeriya a 1986, faɗakarwar ma'aikatan lafiya ta karkata mutane ga reza, aikin aska ya ragu.

Daga ƙarshe, adana ƙarfen kawai bai wadatar ba. Wajibi ne gidajen tarihi irin su Gidan Makama su riƙa rubuta sunan maƙeri da ƙauyensa tare da abin da ya ƙera, tun dattawan da suka san hannun kowa suna raye.