Hanyoyi da filayen shaƙatawa a Dutse da Jigawa ta Tsakiya: Wa ke da alhakin kula da su?

Ginawa da kula da ƙananan hanyoyi, magudanan ruwa, fitilun titi, lambuna da filayen shaƙatawa na daga cikin ayyukan da Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi. An jera su a Jadawali na Huɗu na kundin, tare da raɗa wa tituna suna, sanya wa gidaje lamba, kwashe shara, da kula da kasuwanni, tashoshin mota, mayanka da maƙabartu. Sai dai wannan jadawalin ya bar wa Majalisar Dokokin Jiha damar fayyace yadda aikin zai gudana, kuma ta wannan ƙofa ce gwamnatocin jihohi suka shigo cikin harkar har suka mamaye mafi yawanta a manyan garuruwa.

A Jihar Jigawa, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, akwai ƙananan hukumomi 27. Bakwai daga cikinsu ne ake kira Jigawa ta Tsakiya: Dutse, Kiyawa, Birnin Kudu, Buji, Gwaram, Jahun da Miga. Su ne ƙasar Masarautar Dutse, kuma su ne mazaɓar sanata da a takardun zaɓe ake kira Jigawa ta Kudu maso Yamma.

Rabe-raben hanyoyi

Tun zamanin Turawa aka kasa hanyoyin ƙasar nan gida uku, kuma har yau a kan wannan tsari ake tafiya. Rukunin farko na Gwamnatin Tarayya ne, wato manyan titunan da ke haɗa jiha da jiha. A wannan yanki, babban misali shi ne titin Kano zuwa Maiduguri da ya biyo ta Wudil ya ratsa Shuwarin da Kiyawa ya nufi Azare, da kuma wanda ya bi ta Kwanar Huguma zuwa Birnin Kudu. Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ke gina irinsu, hukumar FERMA da aka kafa a 2002 kuma ita ke da alhakin yi musu faci.

Rukuni na biyu na jiha ne: hanyoyin da ke haɗa hedikwatocin ƙananan hukumomi da juna da kuma babban birni. Ma'aikatar Ayyuka ta Jiha ke bayar da kwangilarsu, hukumar gyaran hanyoyi ta jiha, JIRMA, na kula da su.

Duk abin da ya rage na ƙaramar hukuma ne. Nan ake samun hanyar burji da ta tashi daga ƙauye zuwa bakin kwalta, da hanyar da ke kai manomi kasuwar Shuwarin ko ta Sara, da layukan cikin unguwa, da ƙananan kwalbatoci. Idan aka auna da tsawo, wannan rukuni ya fi sauran biyun nesa ba kusa ba, kuma shi ne mafi ƙarancin kwalta. Shi ne kuma wanda talaka ya fi takawa: mai amalanken shanu, ɗan acaɓa, yaro mai zuwa makaranta, da motar da za ta ɗauki mai naƙuda zuwa asibiti cikin dare.

Kafin gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, En'e ce ke riƙe da waɗannan hanyoyi ta hannun sashenta na ayyuka, hakimai da dagatai kuma su ke fito da jama'a a yi sharar hanya da cike ramuka bayan damina. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar DFRRI, wadda ta buɗe hanyoyin karkara masu yawa a faɗin ƙasa. Da hukumar ta shuɗe, ɗawainiyar kula da su ta koma wuyan ƙananan hukumomi, ba tare da an ware musu kuɗin yin hakan na musamman ba.

Matsayin Dutse daban ne

Dutse gari ne mai iyaye biyu. Hedikwatar ƙaramar hukuma ce, kuma fadar gwamnatin jiha ce. Saboda haka yawancin abin da baƙo ke gani idan ya shigo gari, kamar tagwayen tituna, shataletale, fitilu da shuke-shuken tsakiyar titi, aikin jiha ne. Hukumar Raya Babban Birnin Dutse, DCDA, ita ke lura da tsarin gari da ƙawata shi, hukumar kare muhalli ta JISEPA kuma na da hannu a harkar shara da tsafta. Manyan tituna irin su Sani Abacha da Ibrahim Aliyu ba su cikin abin da majalisar ƙaramar hukuma ke gyarawa.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ƙara ƙarfafa wannan rabo. A ƙarƙashinta, duk ƙasar da aka ayyana a matsayin birni tana hannun gwamna, ƙaramar hukuma kuwa a karkara kaɗai take da ikon bayar da takardar mallaka ta gargajiya. Ma'anar wannan ita ce, filin da aka ware don shaƙatawa a cikin Dutse, gwamnatin jiha ce ke iya tsare shi, ita ce kuma ke iya sauya masa manufa. Hatta kuɗin rajistar raɗa wa titi suna, dokar haraji ta 1998 da ta bai wa ƙananan hukumomi ikon karɓarsa ta cire titunan babban birnin jiha daga ciki.

Inda matsala ke ɓuya shi ne tsakanin iyayen biyu. Garin ya faɗaɗa sosai, musamman daga zamanin mulkin Sule Lamido na 2007 zuwa 2015, da kuma bayan kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011. Sababbin unguwanni sun tsiro a gonakin da jiya ƙauye ne. Layin da ke irin wannan unguwa ya yi wa jiha ƙanƙanta, ita kuwa ƙaramar hukuma tana ganin ya shiga cikin birni. Mazauna wurin sukan wayi gari su ne ke haɗa kuɗin tifar marmara.

Abin da ake nufi da kulawa

Injiniyoyi sun bambanta gina hanya da kula da ita, kuma sun kasa kulawar kashi-kashi. Akwai ta yau da kullum: yashe magudana, cire yashi da leda daga bakin kwalbati, sare ciyawar gefen hanya, toshe ƙaramin rami tun bai buɗe baki ba. Akwai ta lokaci-lokaci, wadda ake yi bayan 'yan shekaru, kamar ƙara wa hanyar burji marmara ko shimfiɗa wa kwalta sabon fuska. Sannan akwai ta gaggawa, idan ruwa ya yanke hanya.

Babban abokin gabar hanya a wannan yanki ruwa ne, duk da cewa damina ba ta wuce wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. A Dutse, ruwan da ya sauka a kan duwatsun da suka kewaye gari ba ya samun wurin nutsewa, sai ya gangaro da ƙarfi ɗauke da yashi. Ƙasar kuwa jigawa ce, ba ta da danƙo. Da zarar magudana ta cike, ruwan zai hau kan titi, ya ci gefensa, ya shiga ƙarƙashin kwalta ya tausasa ƙasar da ke riƙe da ita. Motar farko mai nauyi da ta bi ta kai sai ta fasa. A Miga da sassan Jahun lamarin ya sha bamban: ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce kusa da fadamun Kogin Haɗeja, ruwa kan kwanta kwana da kwanaki, hanyar da ba a ɗaga ta sama ba kuma sai ta narke.

Hanyar burji tana da sirri guda, wato doronta. Ana gina ta ne tsakiyarta ya ɗan fi gefe tudu domin ruwa ya zirare hagu da dama. Tayoyin mota da ƙafafun amalanke su ke cinye wannan doro a hankali har hanya ta koma kwari, ruwa ya mayar da ita rafinsa. Gireda ɗaya da ke aiki, idan ta bi hanya kafin saukar ruwa da kuma bayan ɗaukewarsa, ta isa ta mayar da doron. Wannan aiki ne mai araha idan aka kwatanta da sake gini, amma ba a yanka masa kirtani, ba a kafa masa allo mai ɗauke da sunan kowa, shi ya sa ba ya farin jini wurin masu neman ƙuri'a.

Ko manyan hanyoyi ba su tsira ba. A watan Agustan 2021 mutum 21 suka rasu a Radabi da ke Ƙaramar Hukumar Gwaram, lokacin da motarsu ta faɗa inda ruwa ya karya gada a hanyar Gwaram zuwa Basirka. Ambaliyar 2022 da ta 2024 ma sun yanke hanyoyi da dama a jihar. Kwalbatin ƙauye idan ya karye ba ya shiga labarai, amma yakan raba gari da asibiti da kasuwa har ƙarshen damina.

Filayen shaƙatawa

A nan bayanin gajere ne, domin abin da ke ƙasa kaɗan ne. Sanannen dandalin taro na Dutse, wato Dandalin Malam Aminu Kano, na gwamnatin jiha ne. Filin wasan golf mai yawan itatuwa da ke garin kuwa ƙoƙarin marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammadu Sanusi ne, wanda ya rasu a Janairun 2023, kuma an san shi da son dashen bishiya. Zanen da mutanen da suka yi a jikin duwatsun Birnin Kudu yana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

Abin da ya rage wa ƙananan hukumomi shi ne irin filin da Bahaushe ya saba da shi tun fil azal: dandali, filin idi, filin ƙwallon matasa, inuwar darbejiya a bakin kasuwa ko tasha. Ba a kiran waɗannan da sunan wurin shaƙatawa a takardun gwamnati, alhali su ne ke yin wannan aiki a zahiri. Ba kuɗi mai yawa suke buƙata ba. Abin da suka fi buƙata shi ne a auna su, a kafa musu alamar iyaka, a rubuta su a rajista. Filin da ba shi da takarda, yau a zuba masa shara a gefe, gobe a kafa masa kes, jibi a yanka shi fuloti. Bishiya kuma dasa ta ba wuya. Shingen da zai kare ta daga awaki da ban ruwan rani biyu na farko su ne aikin.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna raba kashi 20.60 cikin 100 na kuɗin Asusun Tarayya, da kashi 35 cikin 100 na harajin kayan masarufi na VAT. Suna kuma da 'yan hanyoyin samun kuɗi na cikin gida: harajin rumfunan kasuwa da shaguna, kuɗin tasha, lasisin amalanke da keke, kuɗin allon talla. A karkarar Jigawa waɗannan ba su taka kara sun karya ba, don haka kusan komai ya dogara ne da kason wata-wata daga Abuja.

Sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma ta nan kason ya riƙa bi shekara da shekaru. Kafin kuɗi ya isa sashen ayyuka, an cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya, da fansho, da kason masarautu, da gudunmawar ayyukan haɗin gwiwa. Gyaran hanya shi ke zuwa ƙarshen layi, kuma shi ake fara yankewa idan wata ya zo da ƙaranci.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36. Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta hukuncin, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya kuma haramta naɗa musu shugabannin riƙo a madadin zaɓaɓɓu. Jigawa ta yi zaɓen ƙananan hukumominta a watan Oktoban wannan shekarar. Hukuncin bai sauya jerin ayyukan Jadawali na Huɗu ba, kuma bai ware ko kwabo domin gyaran hanya ba. Abin da ya yi shi ne rage wa shugaban ƙaramar hukuma uzurin cewa kuɗin ba a hannunsa yake ba.

Ina za a kai kuka?

Matakin farko shi ne a gane mai hanyar. Idan ta tarayya ce, ofishin FERMA ko na kwanturolan ayyuka na tarayya a jiha ake nufa. Idan ta jiha ce, JIRMA ko Ma'aikatar Ayyuka, a cikin Dutse kuma a haɗa da DCDA. Hanyar ƙauye da layin unguwa kuwa ta kansilan mazaɓa ake bi, zuwa ga shugaban sashen ayyuka da shugaban ƙaramar hukuma. Takardar da mai unguwa da dagaci suka sa wa hannu ta fi koken baki nauyi, kuma tana barin shaida.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Ana tsara kasafin kuɗin shekara mai zuwa ne a watannin ƙarshen shekara, saboda haka buƙatar da aka kai a Oktoba ta fi wadda aka kai a Agusta, ruwa na tsaka da ɓarna, damar shiga lissafi. Mai son sanin abin da ƙaramar hukumarsa ta samu zai iya duba rahoton rabon kuɗi na wata-wata da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke wallafawa a intanet, inda aka rubuta kason Dutse, Kiyawa, Buji da sauransu ɗaya bayan ɗaya.